Don Allah a ba ni shawara: ɗalibaina 'yan ajin farko sun kasa gane aljabara

Sabon malami:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Na daɗe a zauren nan ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Wannan ne zangona na farko da fara koyarwa a kwaleji, kuma an ba ni kwas ɗin aljabara na 'yan ajin farko. Asali ma ba ni aka tsara wa shi ba. Wanda ya saba ɗauka ya tafi ƙaro karatu, ana saura kwana huɗu a fara lacca aka kira ni aka miƙo mini manhaja, takardun da ya bari ma sai a mako na uku suka zo hannuna. Ni kuma lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini jadawalin sau tun kafin a sa ni a makaranta. A sakandare ni nake tara 'yan ajinmu da yamma ina yi musu bita, a jami'a ma haka, har wasu suna ce mini malam tun ban zama ba. Da wannan ƙarfin gwiwa na shigo. Kowane darasi sai na raba dare ina shirya shi, misalai a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Makon jiya na yi musu gwajin farko. Wallahi ranar da na gama maki ban runtsa ba. Waɗanda suka ci ba su kai kwata ba, alhali a aji in na ce "kun gane?" baki ɗaya suke cewa "mun gane". Shugaban sashe ya ga sakamakon, abin da ya ce kawai shi ne "a ƙara ƙoƙari", kuma wannan gajeriyar maganar ta fi faɗa damuna. Saura mako bakwai jarrabawa. Yaya zan yi?

Wata malama:
Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa maka. Amma ba ka gaya mana inda suke faɗuwa ba. Wane irin kuskure ka fi gani a takardunsu? Kuma su nawa ne a ajin?

Sabon malami:
Malama, abin kunya ne ma in faɗa. Na ba su 2x = 10. Wasu suka rubuta x = 10 − 2, suka ce 8. Wasu suka raba da −2 suka kawo −5. Na ba su 7 − (x − 3), kusan kowa ya buɗe baka ya rubuta 7 − x − 3. Sai (a + b)², nan kuwa kamar sun haɗa baki, a² + b². Duk waɗannan na yi su a allo, ba sau ɗaya ba. Ni dai ina ganin ba sa karatu ne, kullum hankalinsu na kan waya.

Tsohon malamin lissafi:
Ɗana, saurare ni da kyau. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da wannan kwas kafin in yi ritaya, babu kuskure ɗaya a cikin waɗanda ka lissafo da ban gani sau dubu ba. Yaran nan ba aljabara ce matsalarsu ba, lissafin firamare ne bai zauna ba. Gwada su gobe: ka rubuta 3 − 8, ka rubuta ½ + ⅓, ka hana kalkuleta. Za ka ga masu ce maka 5, za ka ga masu ce maka biyu bisa biyar. Wanda bai iya ɗebe 8 daga 3 ba, ta yaya zai ɗebe x − 3 daga 7? Maganin ɗaya ne tak. Ajiye manhajar nan mako biyu cur. Tambaya ashirin kullum, lambobin ƙasa da sifiri, lamba bisa lamba, buɗe baka. Su yi da hannu, ka karɓa, ka yi maki, ka mayar washegari. Lissafi a hannu yake zama kafin ya hau kai. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban bai daɗe a gaban allo ba.

Wata malama:
Baba, da girmanka, na yarda tushe na da rauni, amma dubi amsoshin da kyau. Wanda ya ce 8 da wanda ya ce −5 ba jahilcin rabawa ne ya kayar da su ba, sun san 10 a raba biyu 5 ne. Abin da ya kayar da su shi ne waccan haddar ta "in ya tsallaka sai ya canza alama". Na farko ya ga 2 ta tsallaka alamar daidai (=), ya mai da ita ɗebewa. Na biyu ya tuna rabawa ce, amma ya ce ai ta tsallaka, dole ta canza alama. Dokar suka bi, dokar ce gurguwa. In ka ba su tambaya ashirin kullum da wannan hadda a kansu, kuskuren za su ƙara ƙwarewa a kai.

Yawancinsu alamar daidai suna karanta ta ne da ma'anar "ga amsa nan". Rubuta musu 8 + 4 = __ + 5, Malam, ka ga ko ba za a sami mai cike gurbin da 12 ba. Shi kuwa Robert Recorde da ya fara rubuta wannan alama a 1557, layi biyu masu tsawo ɗaya ya zaɓa don a cewarsa babu abu biyu da suka fi su daidaituwa. Sikeli ce. Ni na daina cewa "tsallaka" gaba ɗaya a ajina. Abin da na yi wa hagu, sai na rubuta shi a dama su gani da idonsu, ko da layin zai ƙaru. Kuma ba na karɓar amsa sai an mayar da ita cikin tambayar: 2 sau 8 nawa ne? 16. Ya zama 10? To ka kama kanka da kanka.

Tsohon malamin lissafi:
'Yata, sikeli na da daɗin faɗa, amma a zauren jarrabawa minti uku yake da shi a kan tambaya. Shi kansa Alkawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, a Bagadaza wajen shekarar 820, me ya yi? Ya kasa ikweshan gida shida, ya ba kowanne ƙa'idarsa, ya bi da misalai, har da na ciniki da rabon gado. Ƙa'ida, sai misali, sai maimaici. Haka aka koyar da mu, haka muka koyar, kuma injiniyoyi da likitoci sun fita ta hannunmu.

Wata malama:
Gaskiya ne Baba, amma a littafin nan dai, da ya warware x² + 10x = 39, bai tsaya a ƙa'ida ba, sai da ya zana murabba'i ya nuna dalilin da ya sa amsar ta zama 3. Kuma babu x ko ɗaya a rubutunsa, da kalmomi ya yi bayani. Malam, zanen nan shi ne maganin (a + b)² ɗinka. Zana murabba'i, ka raba kowane gefe gida biyu, a da b, su ƙirga ɗakunan da kansu. Huɗu za su samu, biyu daga ciki ab ne.

Tsohuwar ɗaliba:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malama ba ce. Sau biyu na maimaita irin wannan kwas. Malam, "mun gane" ɗin nan kada ka ɗauke ta da gaske. Ranar da na ɗaga hannu na tambayi malaminmu daga ina 2ab ta fito, ce mini ya yi wannan ai na sakandare ne, aji ya kwashe da dariya. Ban sake buɗe baki ba har zangon ya ƙare. Bayansa kawai muke gani, yana rubutu yana gogewa, mu muna kwafa. Har yau in na ga x gabana faɗuwa yake yi, kuma a dalilin kwas ɗin nan na bar fannin da nake so.

Wani malami:
Ni abin da ke ci mini rai, kullum malamin kwaleji ake ɗora wa laifi. An turo mana yara da sakamako mai kyau a takarda, ka zo aji ka tarar babu komai. Ka ba da aikin gida, su ɗauki hoton tambayar da waya, manhajar waya ta warware musu layi-layi, su kwafo. Bara na kayar da waɗanda suka cancanci faɗuwa, ni aka kira ofis ina bayani kamar mai laifi. Malam, ka gama manhajarka ka kare kanka. Wanda ya yi karatu ya ci.

Sabon malami:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abin da ba ku fahimta ba. Baba, ba zan iya ajiye manhaja mako biyu ba, jarrabawa ɗaya za a yi wa rukunina da sauran rukunai, su har sun shiga kwadiratik, wato ikweshan mai x². Malama, ni ma "tsallaka" nake cewa, don da ita na koya kuma ba ta taɓa ruɗa ni ba. In na ce kowane mataki sai na rubuta a ɓangare biyu, misali uku ba zan gama ba lokaci ya ƙare. 'Yar uwa kuma, Allah ya sani ban taɓa yi wa ɗalibi dariya ba. Na ba su lokacin da za su same ni a ofis, mako biyar ke nan mutum biyu ne suka zo. Ni ina ganin na yi iya nawa.

Wata malama:
Ba ta ruɗa ka ba ne don kai ka san dalilin da ke ƙarƙashinta, su kuwa lafazin kawai suka riƙe. Kuma abin bai tsaya ga raunanan ɗalibai ba. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Amurka sun ba ɗaliban injiniya 'yan ajin farko wannan: a wata jami'a ɗalibai sun ninka farfesoshi sau shida, rubuta shi da S (yawan ɗalibai) da P (yawan farfesoshi). Fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su samu ba, yawancin masu kuskuren 6S = P suka rubuta maimakon S = 6P. Minti goma kawai nake roƙon ka ware a farkon kowace lacca.

Tsohon malamin lissafi:
Minti goma ba ya ɗora karaya. Ɗana, je ka sami shugaban sashe ka nemi ajin Asabar. In ka ƙi jin maganata yanzu, za ka ji ta ranar da sakamako ya fito.

Sabon malami:
Baba, ni sabo ne, ba na so in je masa da wata buƙata bayan abin da ya gani. Gobe ƙarfe takwas ina da lacca, kuma kwadiratik na shirya. Wallahi har yanzu ban san ko in shiga da shi ko in koma baya ba.

Wata malama:
Malam, har yanzu ba ka gaya mana su nawa ne a ajin ba.