Neman Shawara: An Nemi In Mayar Da Littafina Fim Mai Dogon Zango

Mai neman shawara: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Na daɗe ina bin muhawarorinku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, sai yau da abu ya sha mini kai. Tun ina sakandare nake rubutu a littafin aji, ƙawayena suna karɓa suna karantawa, har wata malamarmu ta taɓa ƙwacewa ta ce zai raba ni da karatu. Bayan aure na ajiye alƙalami saboda raino, sai da yara suka tasa na dawo, ina rubutawa a waya bayan sallar isha'i, ina saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, danginsa suka taso ta a gaba a kan gado, kuma ya ratsa tun daga kakanni har jikoki. Yanzu wani furodusa yana so a mayar da shi shiri mai dogon zango a YouTube, amma ya ce ni zan tsara shi, in rage mutanen ciki, in kuma fara daga ranar rasuwar mijin, alhali wannan sai a babi na tara ya zo. Ban taɓa ganin yadda ake rubutun fim ba, kuma raina bai kwanta da yanke labarin ba. Ina mafita?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ba mu tarihin sakandare, amma ba ki ce ko littafin ya kammala ba, ba ki kuma ce ko kun yi maganar kuɗi ba. Duk da haka, furodusan yana da gaskiya. Rubutun fim ba ya ɗaukar komai sai abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji. A littafi kina iya cika shafi uku da zullumin mai takaba, amma a fim dole zullumin ya zama aiki, a gan ta tana cusa takardar gida a ƙasan akwati da ta ji sallamar ƙanin mijinta. Kowace fitowa tana farawa da layi ɗaya mai nuna wuri, ciki ne ko waje, dare ne ko rana, sannan abin da ke faruwa, sannan sunan mai magana da maganarsa. A wannan tsari shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya, don haka shirin minti 40 yana neman kimanin shafi 40, kuma manhajoji irin su Celtx da WriterDuet suna jera miki tsarin. Rage mutane kuwa lissafi ne, domin kowane ɗan wasa sallama ce da abinci da mota, zamanin kakanni kuma yana buƙatar tufafin da, da gidan da babu wayar lantarki a jikinsa.

'Yar Gusau: 'Yar'uwa, kada ki ba shi ko shafi ɗaya. Ni littafina aka kwashe daga WhatsApp, wani yana karanta shi da murya a YouTube, ya sauya masa suna, nawa kuma ko a ƙarshe bai ambata ba. Da na yi magana, mabiyansa suka ce hassada nake yi wa mai neman halalinsa. Ki fara buga littafinki a takarda da sunanki, ki kai shi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i idan a Kano kike, sannan a yi batun fim.

Ɗan Fagge: Hajiya, a yi haƙuri, amma da tsadar takarda a yau, wa zai sayi littafin da aka riga aka karanta kyauta a waya? Ni a ganina ta miƙa labarin ko da ba a biya ta ba, domin suna shi ne jarin sabon marubuci, kuma dama ba ta jira.

Tsohon Hannu: Dukkanku kun kauce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an buga shi ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Sayar da haƙƙin, ko keɓe wa mutum ɗaya izinin amfani da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka ki ba shi izinin fim kaɗai na ƙayyadadden lokaci, littafi da karatun murya su zauna a hannunki, a kuma rubuta abin da za a biya ki a kowane kashi da yadda sunanki zai fito a allo. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya ba ki amsa.

Mai neman shawara: Na gode Malam, Allah Ya ƙara basira. Sai dai babi takwas na farko su ne masu karatuna suka fi ƙauna, kuma wanda bai ga wahalar da kakar ta sha wajen gina gidan ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka ƙi sakinsa ba. Littafin bai ƙare ba, amma ƙarshensa yana cikin kaina. Batun rubuta yarjejeniya kuwa, furodusan ɗan'uwan abokin maigidana ne, ina jin nauyin in nuna masa kamar ban yarda da shi ba.

Malama daga Zariya: Ƙanwata, taƙaitawa ma koyonta ake yi. Ki gwada gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016, inda ake neman labari cikin kalma 1,000 zuwa 1,500. A can za ki ga abin da labari zai iya rayuwa ba tare da shi ba.

Mai neman shawara: Anti, irin labarina ba ya shiga gajeren zango, haka Allah Ya yi alƙalamina.

Tsohon Hannu: Har yanzu ba ki amsa mini batun kuɗi ba.

Mai neman shawara: Ya ce sai YouTube sun fara biya za a san abin da ya dace. Kuma tun makon jiya na tura masa abin da na rubuta, domin ya ce darakta yana son dubawa. Shin Celtx ɗin nan tana aiki a waya, ko sai da kwamfuta?

'Yar Gusau: Ni ma da "a tura a duba" nawa ya fara, kuma har yau tashar tana nan tana karanta littafina.