Abin da muka tattara daga hirar daren Alhamis kan littafin ɗan sandan Fotugal

Jama'a, ga taƙaitawar hirar da muka yi a majalisarmu ta Jidda bayan isha'i, don waɗanda aiki ya hana su zuwa.

Maganar Gonçalo Amaral ce, ɗan sandan da ya fara binciken ɓatan Madeleine McCann, yarinya 'yar Birtaniya da ta ɓace a Fotugal a 2007, aka cire shi daga aikin, a 2008 ya fito da littafi yana zargin iyayenta. Suka kai shi kotu kan ɓata suna, a 2015 kotun Lisbon ta ce ya biya su Yuro 500,000, a 2016 ɗaukaka ƙara ta soke, kotun ƙolin Fotugal ta tabbatar da sokewar a 2017, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma a 2022 ba ta ba iyayen gaskiya ba.

Dattawanmu sun ce kar wanda ya ɗauka nasarar kotu ta wanke littafin, 'yancinsa na magana kawai aka kare, iyayen nan kuwa tun 2008 aka cire su daga jerin waɗanda ake zargi. Sukarsa halal ce, ni ma wallahi ina ganin ya cancanta, uwa tana cikin baƙin cikin ɗiyarta ka zo kana cinikin littafi a kanta, haba.

Amma Baba Malam ya ja kunnenmu sosai, ku soki littafin, kar ku ƙaga wa mutumin ƙarya, kar kuma ku tura zargin iyayen a WhatsApp. A nan Saudiyya ɓata suna ta intanet na iya jawo ɗaurin shekara ɗaya da tarar riyal 500,000.