Za a yi wa ƙanena aiki a gefen hanci, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena zabiya ne. Wani ƙurji ya fito masa a gefen hanci, ya fashe ya ƙi warkewa. An ɗebi ɗan naman an gwada, aka ce ciwon daji ne na fata. Likita ya ce za a yanke wurin, sannan a cike gurbin, ko da fatar bayan kunne ko a juyo fatar kumatu a rufe. Hajiyarmu ta tsorata, tana so a fara gwada na gargajiya. Tsakanin fatar bayan kunne da ta kumatu, wacce ta fi? Kuma hancin zai koma daidai?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ku lallashi Hajiya, wannan ciwon ba ya jira. Duk jinkirin da aka yi ƙara cin nama yake, in ya kai guringuntsi aikin ya ƙara girma.

Fatar bayan kunne ciro ta ake yi ɗungurugum a dasa, sai ta sami jini daga sabon wurin kafin ta kama. Aikin ya fi sauƙi, amma wani lokaci launinta kan bambanta ko wurin ya ɗan lotsa. Ta kumatu kuwa ba a raba ta da jijiyoyin jininta, juyo ta kawai ake yi, shi ya sa ta fi saje da fuska. In ramin babba ne, daga goshi ake sauko da fata, a yi aiki na biyu bayan kamar mako 3. Girman ramin da zurfinsa ne za su raba gardama, musamman in yana kusa da ƙofar hanci, don kada ɗinki ya ja ta sama.

Abin da na fi so ki riƙe: a kai naman da aka yanke ɗakin gwaji, a tabbatar babu sauran ciwo a gefunansa.

Wani ɗan uwa: Baiwar Allah, ku nemi likitan gyaran fata da fuska. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. In yana shan sigari ya daina tun yanzu, tana hana fata kamawa.

Wata uwa: 'Yata, an yi wa maigidana irinsa. Kafin mako ya cika aka cire zaren. Da fari wurin ya kumbura ya yi ja, hankalina ya tashi, amma ya yi ta kwanciya har shekara ta zagayo. Ku nema masa malafa mai faɗi da man kare fata daga rana, kuma a duba masa kunnuwa, wuya da leɓe, don zabiya ba wuri ɗaya ciwon ke fito musu ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tafi da Hajiya asibitin ta ji daga bakin likita.