Ina arhar abin sha na kwalba ta tafi, ina kuma tallan da?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dattawa suna cewa a da ɗan canjin aljihu ya isa a sayi lemon Top mai sanyi, kuma masu shan giya ma kukansu ke nan a kan "33" Export da Gala ta Cadi. Me ya cinye arhar nan? Sannan me ya sa tallan da yake zama a kai, na yanzu kuwa ko gobe ba a tuna shi?

Mai Shago Marwa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babban bugun ya zo ne a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi, irin su tsiron sha'ir da ake yin giya da shi, da sinadarin ɗanɗanon lemo, da kayan gyaran inji. Mu a Arewacin Kamaru akwai ƙarin nisa. Ko da yake akwai masana'anta a Garwa, kaya da yawa daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya dire su a Ngaundare, tirela ta ƙarasa. Kowane ƙarin kuɗin gas a kan kwalba yake sauka.

Baba Kuseri:
Yaro, rabin arhar nan kwalbar gilashi ce ta riƙe ta. Ruwan ciki kawai kake saya, kwalbar aro ce. Kaziye guda, wato akwatin jera kwalabe, yana ɗaukar manya 12 ko ƙanana 24, mai shago ya ajiye kuɗin kwalba sau ɗaya, daga nan sai musaya: kawo wofi, ɗauki cike. A wanke ta da ruwan soda mai zafi, a ɗauraye, a sake cikawa, ta yi ta zagaye. Gorar roba kuwa sha ɗaya ce, kuɗinta na cikin farashi, ta ƙare a kwata.

Inda ake asara: buɗe murfi da haƙori ko a gefen tebur yana ɓantare bakin kwalba. Murfin haƙora 21 gare shi, in baki ya ɓantare ba zai kama ba, iska ta fice, lemo ya zama ruwan sukari. Wadda aka zuba wa kananzir ko fetur kuma wari ba ya barinta, direban motar da ke kawo kaya zai ƙi karɓa. Kada a jibge kaziye a cikin zafin ranar watan Afrilu, zafi yana ƙara matsin iska, wata ta fashe, sauran su canza ɗanɗano.

Inna daga Ngaundare:
Ni maganar talla zan taɓa. Na da, mai magana da Hausa ko Fulatanci shi ke tsara abinsa, ba takardar Faransanci ake miƙa masa ya juya ba. Wasan da kowa ya sani ake ɗauka, kamar na Bafulatani da Babarbare, ko miji da uwargida a kan cefane. Murya biyu, tsokana, amsa, sai sunan kaya ya faɗo daidai wurin dariya, a maimaita shi sau uku da ɗan kiɗa. In sunan ya zo bayan an gama dariya, barkwancin ake tunawa a manta kayan. Wannan kuskuren ne ya cika tallan yau, kuma abin yana ba ni takaici, don masu iya bakin suna nan a kasuwa.

Mai Shago Marwa:
Inna ta tuna mini da garaɓasar murfi. A ɓare robar da ke ciki, in an dace a ga kwalba kyauta. Abin ya yi ƙarfi a Kamaru wajen 2005, har wasu direbobin tasi na karɓar murfin a madadin kuɗi. Mai shago shi ke ba da kwalbar nan take, ya tara murafan, a musanya masa ranar da mota ta kawo kaya. Wanda ya lanƙwashe ko rubutunsa ya kankare ba a karɓa, shi ya sa ake buɗewa a hankali da mabuɗi, a adana su cikin gwangwani busasshe don tsatsa.