Jan fenti a bangon gidaje kan titin Kano zuwa Katsina: daga ina ake awo, kuma wa ke tsara bakin titin?

Ɗan Charanchi

Assalamu alaikum. Ina tambaya ne a madadin mazauna bakin titin Kano zuwa Katsina da ake mayarwa tagwaye, musamman mutanen tsakanin Kankiya, Charanchi da Rimi. Ana shafa wa wasu gine-gine jan fenti da lamba, wasu da suke layi ɗaya da su kuma a tsallake su, ga shi kowa da nasa lissafin: wani ya ce ƙafa 100 gwamnati ke ɗauka, wani ya ce 150. Daga ina ake fara awon, bakin kwalta ko tsakiyar titi? Wanda ba shi da satifiket na mallakar fili, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, yana da rabon diyya?

Abin da ya fi hana dattawa barci kuma, dillalai sun fara zagayen filayen da ke bayan layin da gwamnati za ta ɗauka, ana ta maganar gidajen mai da wurin kwanan tireloli a jikin gidajen mutane da makarantun Islamiyya. Wa ke da ikon cewa a gina kaza a nan, kada a gina kaza a can? Masu sani a taimaka.

Mai Kimanta Kadara

Wa alaikumus salam Malam. Daga tsakiyar titi ake awo. A titin gwamnatin tarayya hurumin hanya mita 45.72 ne kowane ɓangare, wato ƙafa 150, duka biyun ƙafa 300. Abin da ke rikita mutane shi ne tsakiyar tana matsawa. In aka shimfiɗa sabon hannun titi a gabas da tsohon, tsakiyar tagwayen ta koma gabas ke nan, sai gidajen wannan ɓangaren su shiga, na yamma su tsira. A kwana kuma, inda aka miƙar da lanƙwasa, za ka ga maƙwabta biyu, ɗaya da fenti ɗaya babu. A cikin gari sau da yawa ba a share ƙafa 150 ɗin duka, ana ɗaukar iyakar abin da aikin ke buƙata don a rage kuɗin diyya. Wanda katafila ta tsallake bai fita daga hurumin ba, kada ya ɗauka an halatta masa ɗora bene.

Diyya tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka don amfanin jama'a, har da lokacin da tarayya ce ke buƙatar filin, amma sai an ba mai wurin sanarwa a rubuce. Fenti a bango ba sanarwa ba ne. Sashe na 29 ya faɗi abin da ake biya, wato abin da ka ɗora a kan ƙasar: gini, katanga, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Gini ana lissafa kuɗin sake yin irinsa ne, a cire tsufansa. Fili tsura kuwa, abin da dokar ta ambata kuɗin hayar ƙasa ne da aka biya a wannan shekarar. Nan mutane suka fi jin zafi, kuma da gaskiyarsu, domin wanda ya sayi fuloti da guminsa bai kai ga ginawa ba shi ya fi kowa asara. Wanda gidan zamansa ya tafi, sashe na 33 ya buɗe ƙofar a sake tsugunar da shi a madadin kuɗi, a nemi wannan tun wuri.

Rashin satifiket ba ya kore haƙƙi. Gida ko gonar da ake kai tun kafin 1978, dokar ta ɗauki mai shi tamkar mai takarda. Wanda ya saya daga baya ya haɗa takardar ciniki, shaidu, rasit, da takardar rabon gado daga kotun shari'a in gado ne. Wanda ba shi da madafa shi ne wanda ya gina cikin hurumin da aka riga aka biya diyyarsa lokacin tsohon titi.

Ranar ƙidayar kadarori don biyan diyya mai gida ya tsaya da ƙafarsa. A auna tsawo da faɗin kowane ɗaki a gabansa, a rubuta ko bulo ne mai inci 9, ko mai inci 6, ko laka, rufin kwano ne ko azara, daɓen siminti ne ko tayil. Masai da rijiya su aka fi mantawa. Itace kowanne da irinsa da girmansa, domin mangwaro mai 'ya'ya ba kuɗinsa ɗaya da dashe ba, haka kuka da ɗorawa. A ɗauki hoto yadda lambar bangon za ta fito a ciki, kuma kada a sa hannu a fom ɗin da ba a cika ba. In an yanke gaban gida, zaure da masai suka tafi, a matsa a rubuta cewa saura ba ya zaunuwa.

Abin da ya fi ɓata lamari shi ne suna. A gidan gado sai a rubuta ɗan haya ko ƙanin da aka tarar a zaure, kuɗi ya fito, zumunci ya lalace. Magada su zauna tun yanzu su fitar da wakili ɗaya a rubuce. Abin da aka gina bayan ƙidaya ba a biyansa, a daina asarar siminti. In ba a gamsu da adadin ba, sashe na 30 ya ce a kai wa kwamitin amfani da rabon ƙasa na jiha, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba da damar zuwa kotu.

Injiniya Kankiya

Allah ya saka da alheri Malam. Ni a kan ruwa zan yi magana, domin shi ne ba a tunawa sai Agusta.

Titi irin wannan hawa-hawa ne: marmara da aka daddanne kamar santimita 20, fasasshen dutse wani 20, kwalta ta farko 6, ta sama 4. Rabin mita ke nan ko ba a yi ciko ba, a kwari kuma ciko ya kan wuce mita guda. Gidan da ƙofarsa take daidai da tsohuwar kwalta zai wayi gari a ƙarƙashin sabuwa. Titin ya zama madatsa, ruwan da a da yake tsallakawa ya wuce sai ya kwanta a gindin katanga. Ginin laka kuwa in gindinsa ya sha ruwa kwana biyu uku, zubewa yake yi, kuma babu wanda ya ƙidaya wannan gidan cikin masu diyya tunda yana bayan layi.

Ku koyi karanta lambobin da ke jikin turaku da bango. In ka ga 112+350, kilomita 112 ne da mita 350 daga mafarin aikin. Takardar da ta ce "kusa da masallacin Juma'a" ba ta da amfani ga mai zane, wadda ta ce "ruwa yana tsallakawa a 112+350" ita ake buɗe zane a duba. Dattawan gari sun san kowace hanyar ruwa, a zaga da su tare da injiniyan da ke wakiltar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya a wurin aikin. Shi ne mai ba ɗan kwangila umarni. Ɗan kwangila abin da ke cikin zane kawai yake yi, ko kun yi masa magana sau goma.

A duba girman kwalbati. Bututu mai faɗin santimita 60 yashi da leda suna toshe shi cikin damina guda, kuma mutum ba ya iya shiga ya yashe. Kada a yarda da ƙasa da 90, inda ƙorama ce kuma a nemi kwalbati mai akwati. A bi lambatun gefen titi da ƙafa har ƙarshensa, a ga inda yake zubarwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gina shi da kyau cikin gari, ya ƙare a bakin unguwar ƙarshe, ya juye mata ruwan garin duka, daga nan zaizaya ta fara. Dole ya kai ga ƙorama, a yi masa daɓen dutse a baki. A kuma lissafa ƙofofin da za a ɗora wa murfin kankare, in ba haka ba mutane da kansu za su cike lambatun da ƙasa don shigar da babur.

Sai tsallakawa. Kowane hannu mita 7.3 ne, da kafaɗunsa ya kai mita 11 da 'yan kai. Yaro ko tsoho zai ɗauki kamar daƙiƙa 11. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, wato tana nesa da mita 300 lokacin da yaron ya sa ƙafa, kuma ta same shi a kai. Ƙa'idar gudu cikin gari 50 ce, amma allo kaɗai ba ya tsayar da direba, sai da tudun rage gudu da fitila. Wurin juyawa ma a nema a daidai kasuwa da asibiti. In ya yi nisa da kilomita biyu, masu babur za su bi hannun da ba nasu ba, ko a fasa shingen tsakiya da dare.

Ramin da ake ɗibar marmara, mai gona ya rubuta sharaɗi kafin ya karɓi kuɗi: a tara ƙasar sama gefe, a mayar da ita, a kwantar da gaɓar ramin. In an bar shi tsaye, kududdufi ne mai cin yara.

Hajiya Mai Tsara Birane

Malam Ɗan Charanchi, tambayarka ta biyu amsarta ta kasu. Cikin ƙafa 150 ikon tarayya ne, ta hannun kwanturolan ayyukanta na jiha. Bayan layin kuma ikon jiha ne: Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta Jihar Katsina ke ba da izinin gini, Ma'aikatar Filaye da KATGIS, hukumar taswira da rajistar filaye ta jiha, ke riƙe da bayanan filaye. Mayar da gidan zama ya koma gidan mai ko gareji canjin amfani ne, sai da izini, kuma maƙwabta suna da damar rubuta ƙorafi kafin a bayar. Bayan an binne tanki a ƙasa, magana ta yi wuya.

Gidan mai yana buƙatar lasisin NMDPRA, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar sayar da man fetur, wadda ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR a 2021. Ƙa'idar da DPR ta shimfiɗa ita ce aƙalla mita 15 daga bakin titi zuwa famfon farko, da mita 400 tsakanin gidan mai da wani. Ku riƙe tef ku auna da kanku. Turakun wuta ma za a matsar da su baya, kuma layin 11kV ko 33kV yana son mita 5.5 kowane gefe ba gini. A tambayi inda sabon layin zai bi kafin wani ya kafa shago a ƙarƙashinsa.

Masu sayen fuloti "mai fuskar titi" su yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 da ya fara a ƙafa 60 daga tsakiya, ƙafa 90 cikin tsawonsa na hurumin hanya ne, goma kawai ka saya. Kada a biya sai safiyo mai rajista ya auna daga sabuwar tsakiya.

Abin da nake roƙon garuruwan nan su haɗa kai su nema shi ne taswirar tsarin bakin titi, ko da zurfin mita 300 ne kowane ɓangare, kafin a gama yanka gonaki. A ware ƙaramar hanya a bayan lambatu wadda shaguna za su fuskanta, ta haɗu da babban titi a wurare ƙalilan. In kowane shago yana da tasa mashigar, kowace ƙofa wurin haɗari ce. Gari mai kasuwar dabbobi kamar Charanchi yana buƙatar filin lodi a bayan kasuwa, mai ɗaukar tireloli da wurin juyawarsu, in ba haka ba hannu ɗaya na sabon titin zai zama tasha ranar kasuwa. A ware filin makaranta, ƙarin maƙabarta da filin idi yanzu da ƙasa ke da araha. Burtali kuma a shigar da shi taswira da mashigarsa, domin in shingen tsakiya ya datse shi, garken zai faɗa gonaki, rigimar manomi da makiyayi ta biyo baya.

Ɗan Charanchi

Allah ya ƙara ilimi, Hajiya da malamai. To takardar wa za a rubuta wa, kuma wa zai sa hannu? Matasa sun fi son a nemi gadar sama ta masu ƙafa.

Injiniya Kankiya

Takarda biyu za ku yi, kada ku cakuɗa. Ta kwalbati, lambatu, wurin juyawa da tsallakawa ta tafi ga kwanturolan ayyuka na tarayya a Katsina, kwafi ga injiniyan wurin aiki. Ta tsarin filaye ta tafi ga hukumar tsara birane, kwafi ga Ma'aikatar Filaye da shugaban ƙaramar hukuma. Masu unguwanni da magaji su sa hannu, ta bi ta ofishin hakimi, kuma a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku. A ciki ku tambaya a fili wa zai biya diyya, tarayya ko jiha, domin ya danganta da yarjejeniyar kowane aiki.

Gadar sama ban goyi bayan a fara da ita ba. Tsayinta ya wuce mita biyar don tirela ta wuce, tsoho da mai ciki da mai tura baro da mai jan akuya ba za su hau ba, sai su ci gaba da tsallakawa ta ƙasa inda ba a rage gudu ba. Ta dace a gaban makaranta, tare da shinge mai tsawo a tsakiyar titi. Sauran wurare a nemi tsibirin tsayawa mai faɗin mita 2 a tsakiya, da tudun rage gudu kafin a iso shi ta kowane hannu. Ku kai takardar tun ana aikin ƙasa. Da zarar an zuba dutse an kafa kankaren tsakiya, ƙara kwalbati ɗaya yana nufin fasa titi da neman sabon amincewa daga Abuja.