Wanda aka gargaɗa ya ƙi tashi daga bakin kogi, shi ma a ba shi tallafi?

Injiniya: Jama'a, ni fa ra'ayina bai sauya ba. Duk shekara kafin damina hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen ruwan sama da ambaliya, a yi ta shela a rediyo. Kowa ya san Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Guri na Jihar Jigawa suna bakin ruwa. Wanda aka ce ya tashi ya ƙi, in ambaliya ta ci gidansa, kada ya zauna jiran shinkafa da katifar gwamnati. Kuɗin jama'a ne.

Baffa: Ɗana, ya tashi ya koma ina? Gonata ta gado a fadama take. Shinkafar damina, alkama da tumatir na rani, har kifin da yara ke kamawa, duk daga ruwan nan ne. In na hau tudu, yashi zan tarar, kuma shi ma da mai shi.

Injiniya: Baffa, ba gona na ce a bari ba. Ɗakin kwana nake magana.

Baffa: To saurara. Muna yara, Kogin Haɗeja yakan cika da damina ya janye da rani, mun san iyakarsa kamar yadda muka san iyakar gona. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, sai ruwa ya zama ba ya yankewa duk shekara. Nan kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu gindin zama. Ta toshe hanyar ruwa, laka ta taru a ƙarƙashinta, tsuntsun jan-baki ya samu masauki yana cinye mana shinkafa. Yanzu in ruwa ya taho bai ga hanya ba, sai ya faɗo gari. Ba mu muka matsa wa kogi ba, shi aka kora ya same mu.

Malama: Yaya Injiniya, ina da tambaya. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, da babbar kasuwa, da asibitin koyarwa na Maiduguri. Kuma an taɓa yin irinta a 1994. Su ma taurin kai ne ya ja musu?

Injiniya: A'a, wannan na yarda, kula da dam aikin hukuma ne. Amma ki zo cikin Kano ki gani. Mutum ya dasa shago a kan lambatu, maƙwabcinsa na juye shara a kwata, ruwa ya shigo ɗaki kowa ya ɗaga murya wai gwamnati ta kawo ɗauki.

Alhaji: Wa ya sa hannu a takardar filin? Ai ba aljani ba ne ya yanka shi ya sayar.

Auta: Ni dai gani nake ƙaddara ce, ba mai tare ta.

Malama: Auta, ƙaddara ba ta hana ɗaure raƙumi ba.

Baffa: Kuma tallafin da ake ta yi mana gori a kansa, nawa ne? A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ɗakuna uku suka zube min. An rubuta sunana sau biyu. Abin da ya iso hannuna kwano huɗu na masara ne da tabarma ɗaya, bayan ruwa ya janye da wata guda. Wallahi a riƙe masarar, a turo injin da zai share kachalla tun watan Afrilu, a ɗaga mana jinga. Shi ke nan buƙatata.

Injiniya: In aka ba ku fili a tudu kyauta fa, za ku tashi?

Baffa: Da rijiya da makaranta da hanyar zuwa gona? Gobe ma. Fili tsirara kuwa, kafin kaka kowa ya dawo.

Injiniya: Har yanzu ban janye maganata a kan mai shago a kan lambatu ba.

Alhaji: Shi wannan mun bar maka shi.

Baffa: Asabar akwai aikin gayya a jinga, buhunan yashi ba su isa ba. Injiniya, in za ka zo, taho da buhunan wofi ko hamsin ne.