Shekara 6 yayana na shan imatinib, me ya sa likita ya hana shi dainawa?

Ummu_Sadiq:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Yaya na da kansar jini irin wadda ake ce wa CML, lokacin da aka gano saifarsa ta kumbura sosai ko wando ba ya iya ɗaurewa, loma biyu ya ce ya ƙoshi. Yanzu shekara 6 kenan yana shan imatinib kullum kuma Alhamdulillah ya koma kasuwa, gwajin jini ma lafiya lau, amma likita ya ce kar ya kuskura ya ajiye maganin. To in ciwon ya tafi me ake kashewa kuma? Wallahi ya gaji da shi.

Ɗan_Lab:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Ƙwayoyin jikinmu ba sa hayayyafa haka kawai sai wasu furotin sun kai musu saƙo cewa ku rabu, in an gama saƙon ya ɗauke. A CML kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar jiki) na 9 da na 22 ne suke musayar gutsure, sai a samu wani sabon furotin mai suna BCR-ABL wanda makunninsa ya maƙale a kunne, kamar hon ɗin mota da ya ƙi sakewa, shi kuma ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa. Tun 1960 aka hango wannan gurɓataccen kuromosom ɗin a Filadelfiya ta Amurka amma sai 2001 aka amince da imatinib, wanda aikinsa ya shiga ya toshe gurbin da furotin ɗin ke karɓar makamashi. Toshewa fa yake yi, ba ya gyara kuromosom.

Nas_Hauwa:
Bari in ƙara kan na malam, don nan amsarki take. Can cikin ɓargo akwai iyayen ƙwayoyin jini, su ke haifar sauran, kuma a cikinsu ciwon ya faro. Wasunsu kwance suke kamar masu barci ba sa rabuwa, kuma rayuwarsu ba ta rataya kan BCR-ABL kaɗai ba, suna samun wasu saƙonnin daga maƙwabtansu a ɓargo, shi ya sa maganin ke wuce su. Kin san ciyawar da aka nome ta sama saiwa na ƙasa, ruwan farko na sauka za ta toho. Abin da likitan ke gudu kenan.

Ɗan_Lab:
Haka ne sista. Amma ana dainawa fa, a Faransa an gwada wa waɗanda gwajin PCR ɗinsu, wato gwajin jini mai gano ko ɗan ɓurɓushin ciwon, ya yi shekaru ba a ganin BCR-ABL, kusan 4 cikin 10 suka zauna lafiya ba magani, sauran ya dawo musu yawanci cikin wata 6 na farko aka mayar da su kansa. Sharaɗin shi ne PCR duk wata a farko, ba ƙirgen jini na yau da kullum ba.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardun Yaya yanzu, rabonsa da PCR ya fi shekara, ƙirgen jini kawai yake yi. Ranar asibitinsa tare za mu je in sha Allah, ni zan tambaya da bakina.